Dalilin Jinkirin Amsa Gayyatar Biki

Malam Edita,

Ina roƙon a ba ni fili in tofa albarkacin bakina game da kukan da masu biki ke yi, cewa waɗanda suka gayyata ba sa sanar da zuwansu sai an matsa musu.

A ganina, asalin al'amarin shi ne, tun zamanin da ake raba goro gida-gida domin sanar da ɗaurin aure, ba a taɓa neman jawabi daga kowa ba, domin tukunyar gidan biki ba ta ƙidayar baki. Sai yanzu da aka koma kama zauren taro a Kano da Kaduna, inda ake biyan kuɗin kowace kujera, lissafi ya zama lalura. Ga kuma kunya, wadda ke hana Bahaushe furta cewa ba zai zo ba, sai ya yi shiru yana jiran albashi, ko kuɗin anko da gudummawa za su samu, ita kuwa matar aure tana jiran iznin maigida.

Malamanmu na Malikiyya sun wajabta amsa kiran walimar aure ga wanda aka ayyana shi da kansa, muddin babu munkari a wurin. To, katin da aka watsa wa jama'a ta WhatsApp bai ayyana kowa ba, saboda haka wanda ya aika shi ba shi da hujjar zargin kowa da jinkiri.

Wassalam,
Wani mai karatu, Zariya