Waƙa A Fim Ɗin Soyayya: Gyara Take So, Ba Kora Ba

A nan Falanko, cikin Damargu, in dare ya yi samari kan taru a kan waya ɗaya suna kallon fim ɗin Kano. Na lura da wani abu: muddin 'yan wasa magana suke yi, su ma hirarsu suke, da waƙa ta tashi, kowa sai ya yi tsit. Washegari a lakwal ita zan ji ɗalibaina suna rerawa.

Shi ya sa ban bi bayan masu cewa a cire waƙa daga finafinan soyayya ba. Mu mutanen kunya ne. Budurwa ba ta duban saurayi cikin jama'a ta ce tana son sa. Abin da kunya ta hana baki faɗa, waƙa ke ɗaukar sa. Kuma ba a wurin Indiyawa muka fara ganin haka ba. Iyayenmu mata sun yi gaɗa a dandali, sun yi habaici a bakin turmi, sun sa amarya kuka da waƙa ranar kai ta ɗaki.

Ku tuna Sangaya na kamfanin Sarauniya, na Ali Nuhu da Fati Muhammad. Ɗan sarki ne da 'yar aikin gida, tazarar da magana ba ta iya tsallakawa, sai waƙa ta zama gada. Da yawa sun manta yadda labarin ya ƙare, amma muryar tana kunnensu har yau.

To, ina matsalar? Sau da yawa waƙar ba daga labarin take fitowa ba, liƙa ta ake yi don fim ya sayu. An raba masoya, yarinya na hawaye, sai ga su cikin lambu sun sake tufafi suna juyi. Kiɗan fiyano ɗaya ne ranar baiko, shi ne ranar saki. Yaron da ya tashi da wannan zai zaci so rawa ce kawai, ba haƙuri, ba rashi, ba nauyi. Ni da ke tsaye gaban allo ina ganin haka cikin takardun da nake kamawa suna rubuta wa juna.

Muryoyi kam muna da su: Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, da Fati Nijar 'yar Maraɗi. Kayan kiɗa ma akwai. Sarewar makiyayi ta san kewa, goge ya san kuka, kalangu ya san murna. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya girgiza zukata.

Roƙona ga masu shirya fim: ku fara rubuta labari, sannan ku tambaye shi irin kiɗan da yake so. In ya ce shiru, ku yi masa shiru. 'Ya'yanmu ne ke saurare.