A gyara sef ɗin kaka, kada a kai wa 'yan jari bola

1/ Masu cewa tsohon sef na gado "ƙarfe ne kawai, a kira 'yan jari bola su auna a raba kuɗin", ku matso kusa. Rigimar da ake yi a gidanmu na Talata Mafara kenan, kuma ni ina ɓangaren a gyara. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Akwatin ƙarfe ne na ajiyar kuɗi, na kakanmu, tun zamanin da ake awon gyaɗa da auduga ana kai su Gusau su hau jirgin ƙasa. Mabuɗin ya ɓace tun ba a haife ni ba. Ƙarti shida ba sa ɗaga shi.

3/ Wannan nauyin ne ke ruɗar mutane. Irin waɗannan sef ɗin bango biyu gare su, a tsakani an ɗura abin da ke tare wuta, ba ƙarfe ba. Ɗan jari bola ya san haka sarai. Zai yanka, ya zubar da cikin, ya biya ku kuɗin da ba zai kai ku ƙarshen wata ba.

4/ Masu mafarkin dukiya kuma, ku farka. Fam ya tafi tun 1973 da naira ta zo. A 1984 aka sake canjin kuɗi. Ko an tarar da damin takardun kuɗi a ciki, ko ƙosai ba za su saya ba.

5/ Abin da tsohuwarmu ta ce yana ciki shi ne takardu: na gonaki, na cinikayya, wasu da ajami, da na zamanin diyyar Bakolori. Nan fa maganar take.

6/ Yawancinmu mun san dam ɗin Bakolori a matsayin wurin zuwa ɗaukar hoto. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina shi, aka gama a 1978. Ruwa ya cinye gonaki da gidaje a yankin Maradun, aka yi wa filayen Mafara da Bakura sabon yanka don noman rani.

7/ Manoma suka ce diyya ba ta zo daidai ba, suka tare hanyoyi. A Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi nata adadin, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Waɗanda suka gani da idonsu suna ta ƙarewa.

8/ To takardar da ta tsallake duk wannan, ita za ku sa mai walda ya yanka ƙarfe a kanta, tartsatsi na zuba? Gobe wani ya taso da rigimar iyakar gona, me za ku nuna wa alƙali, rasit ɗin jari bola?

9/ Hujja ɗaya ce nake girmamawa, ta baffana: a Zamfara ta yau, labari ya fita cewa gidan wane akwai sef, infoma ya kai wa 'yan bindiga, shi kenan. Wallahi ba wasa ba ne. Wanda ya san abin da ya faru a kwalejin noma ta Bakura a 2021 ba zai yi masa dariya ba.

10/ Amma Baffa, sef a kulle shi ne ke haifar da jita-jita. Shekaru ana raɗe-raɗin akwai zinari a ciki. A buɗe shi gaban dattawan unguwa, kowa ya ga takardu ne, a bar ƙofar a buɗe, maganar ta mutu.

11/ "Ai gado ne, dole a raba." Ƙwarai. A yi masa kuɗi, mai so a cikin magada ya biya sauran rabonsu. Ku tambayi malami, sulhu tsakanin magada ba baƙon abu ba ne.

12/ Gyara kuma ba shi ne a watsa masa koren fenti mai ƙyalli ba, don Allah. A nemo mai gyaran makulli ko daga Gusau ko Sakkwato, ya buɗe a hankali, ya yanka sabon mabuɗi. A goge tsatsa, a shafa mai, a ɗora shi kan dakali saboda damina. Tambarin kamfanin da ya ƙera shi a bar shi yadda yake.

13/ Takardun kuwa a ɗauke su hoto da waya ranar da aka buɗe, a tura wa kowane magaji, har da mata da ke gidajen aurensu. Ni zan kawo wayar da caja.