Ba Duk Katantanwa Ce Ɗaya Ba

Akwai masu cewa rarrabe katantanwar dutse aikin marasa aikin yi ne. Wannan magana ta rashin sani ce. A Kalambaina, kusa da Sakkwato, cikin dutsen da ake yin siminti da shi, akan sami dodon koɗi na teku wanda ya zama dutse tun wajen shekara miliyan 60. Masana sukan ƙidaya murɗinsa, su dubi bakinsa, su lura da shimfiɗar dutsen da ya fito, sa'an nan su faɗi irinsa. Da irin wannan aiki aka gane teku ta taɓa rufe ƙasar. Wanda ya niƙe shi ba a duba ba, ya ƙone wasiƙa tun ba a karanta ba.