Biyan sub don wasan D&D: riba ce ko asara? Zare 🧵

1/ Jiya a guruf ɗinmu an yi ta musu har ƙarfe ɗaya na dare, wai sai mutum ya biya sub kafin ya ji daɗin D&D. Ni dai na taɓa biya, wata bakwai cur, don haka bari in faɗi nawa. A taƙaice: mutum ɗaya a teburi ya isa ya biya. Sauran ku riƙe kuɗinku.

2/ Ga waɗanda ba su san wasan ba: Dungeons & Dragons wasa ne da ake zama a kewaye teburi, kowa ya ƙirƙiri jaruminsa, mutum ɗaya kuma ya riƙa jan labari. Shi ake kira DM (ba DM ɗin da kuke shiga wa 'yan mata ba 😂). Kamar tatsuniya ce, sai dai kowa yana da bakin magana a ciki.

3/ Ka ce jaruminka zai tsallake katanga, sai ka jefa dayis mai fuska 20. Lamba ta yi sama, ka haye. Ta yi ƙasa, ka faɗo ka karya ƙafa, abokai su yi ta dariya. Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a Amurka a 1974, da takarda da fensir da dayis kawai. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/ To ina sub ya shigo? Babban shafin wasan shi ne D&D Beyond. An buɗe shi a 2017, kamfanin Hasbro, mai mallakar Wizards of the Coast, ya saye shi a 2022 a kan dala miliyan 146.3. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi ai ba sadaka ya zo yi ba, kuɗinsa zai nema a aljihunmu.

5/ Sub ɗinsu hawa biyu ne. Hero kusan dala 3 a wata, Master kusan dala 6. Wanda bai biya komai ba zai iya ƙirƙirar jarumai har 6. Hero ya cire maka wannan iyaka. Master kuma ya ba ka damar raba littattafan da ka saya da 'yan teburinka.

6/ Ku sake karanta jimlar ƙarshe. Littattafan DA KA SAYA. Nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Sub ba ya zuwa da littattafan. Player's Handbook kaɗai kusan dala 30 ne a shafin, daban da kuɗin wata. Ka biya kuɗin shiga kasuwa ne kawai, kaya kuma sai ka sake zaro kuɗi.

7/ Mu yi lissafi da kuɗinmu. Idan dala tana naira 1,500, Master ya kama kusan 9,000 a wata, sama da 100,000 a shekara. Littafi ɗaya 45,000. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan 70,000 ne. Ga ɗalibin Amurka dala 6 kuɗin shayi ne. A wajenmu kuwa datar wata ce, ko handawut na kwas biyu.

8/ Nawa labarin: na yi sub a wani shafi lokacin hutu, muna wasa duk Asabar, daɗi ba a magana. Aka koma makaranta, lakca ta taso, jarabawa ta biyo baya, ɗaya daga cikinmu ya tafi IT. Wata huɗu ba mu zauna ko sau ɗaya ba. Alat ɗin cire kuɗi kuwa bai taɓa fashi ba. Laifina ne, na manta ban soke ba.

9/ A nan na gane abu ɗaya: sub ba ya tambaya ko kun yi wasa. Babban abin da ke kashe teburin D&D ai ba rashin littafi ba ne, haɗa mutum biyar a lokaci ɗaya ne. Kafin ka biya, ka duba wata uku da suka wuce, sau nawa kuka zauna da gaske?

10/ Matsala ta biyu ta fi wannan girma: haya kake yi. Littafin takarda idan ka saya naka ne, ƙaninka ma zai gada. Na shafin intanet yana hannun kamfani. A watan Agustan 2024 D&D Beyond ya sanar zai maye gurbin tsofaffin sihirai na 2014 da sababbi a takardun jarumai. Sai da mutane suka yi caa sannan ya janye.

11/ Kafin nan ma, a Janairun 2023, an fallasa shirin Wizards of the Coast na sauya lasisin OGL, wanda tun 2000 yake ba ƙananan marubuta damar rubuta kayan wasan su sayar. Me 'yan wasa suka yi? Suka riƙa soke sub ɗinsu. Cikin 'yan makonni kamfanin ya sauko.

12/ Har ma ya saki ginshiƙin dokokin, SRD 5.1, a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba a iya janyewa. Darasi biyu ke nan. Na ɗaya, kuɗinka na wata murya ce, suna jin ta. Na biyu, dokokin da kake buƙata don fara wasa kyauta suke, halak malak, ba sai ka sauke PDF ɗin sata ba.

13/ Kuma ba D&D kaɗai ne wasa ba. Pathfinder na kamfanin Paizo, dokokinsa suna nan kyauta a shafin Archives of Nethys. Roll20 yana da tsarin kyauta idan abokanka suna nesa. Foundry kuwa sau ɗaya ake biya, dala 50, shi ke nan. Kuɗin Master na wata tara ya wuce haka, sai dai yana son kwamfuta da ɗan haƙurin saitawa.

14/ Na san masu kare sub suna can suna harara 👀 kuma suna da gaskiyarsu. Manhajar tana yi maka lissafi. Sabon ɗan wasa da zai ɓata awa biyu yana cike takarda, cikin minti 20 ya gama. Neman doka a tsakiyar faɗa, daƙiƙa kaɗan. Ga DM mai shirya labari duk mako, wannan sauƙi ba ƙarami ba ne.

15/ Shi ya sa ban ce kar kowa ya biya ba. Ga yadda ya kamata: mutum ɗaya ya yi Master, a sayi littafin a asusunsa, ya raba wa kowa. Ku biyar ne? Kowa ya kawo 1,800 a wata, kamar adashi. Amma a yi magana tun farko: ranar da aka watse, littafin yana wajen mai asusu. Kar abota ta lalace a kan dala 30.

16/ Masu tambaya a kan sub na kallo, irin su Dropout mai Dimension 20 ko Beacon na Critical Role: Critical Role na nan kyauta a YouTube, kowane zama awa uku zuwa huɗu. Data za ta ƙare kafin bidiyon ya ƙare 😭 Ka gama na kyautan tukuna. Idan kana son tallafa musu kuma kana da hali, wannan daban, Allah ya ƙara buɗi.

17/ Mu yanzu me muke yi? Fotokwafin takardar jarumi, fensir, saitin dayis ɗaya da muke karɓa-karɓa, dokokin kyauta a waya. An ɗauke wuta ko sabis ya gudu, wasa na ci gaba. Makon jiya DM ɗinmu ya jefa mu cikin wani birni mai ganuwa da ƙofofi, Gizo ne ɗan leƙen asirin sarki. Babu shafin da zai sayar maka da wannan.

18/ Don haka kafin ka sa katinka, tambayoyi uku:
Mun zauna aƙalla sau biyu a wata?
Ni ne DM, ko akwai wanda ya riga ya biya?
Na gwada na kyauta har ya gaza min?
Idan ba "e" uku ba ne, ka sayi dayis da tsire, ka kira abokanka.

19/ Masu biya, ku faɗa min a ƙasa: wata nawa kuka biya, sau nawa kuka yi wasa? Tsakani da Allah fa, ban da ƙari 😅