Kafin Ka Zagi Nas, Tsaya Ka Ji

Ya kai ɗan'uwa, na san ka taɓa kai mahaifiya ko matarka asibitin gwamnati da tsakar dare, nas ta daka maka tsawa, ka fito kana cewa mutanen nan ba su da imani. Ni ma na faɗi haka, har ranar da na kwana jinyar kawuna a wani asibiti.

Abin da idona ya gani: nas guda ɗaya ce a ɗakin maza gaba ɗaya. Wuta ta ɗauke, janareta babu mai. Da fitilar wayarta take neman jijiya don ta sa wa wani tsoho ƙarin ruwa. Safar hannu ma sai da ta tura ni kemis na sayo. Wannan ya kira, wancan ya yi nishi, dangi kuma sun tsaya a kanta suna faɗa. Wajen asuba na gan ta zaune ta haɗa kai da gwiwa. Wallahi ban ga mugunta ba, gajiya na gani, irin wadda idan ta daɗe take busar da zuciya har kukan majinyaci ya daina taɓa mutum.

Ba na wanke kowa. Akwai masu wulaƙanta talaka, kuma Allah zai tambaye su. To amma wa ya bar mace ɗaya da aikin mutum biyar?

A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Gwamnatin tarayyar ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cika shi ba. A 2024 shugaban hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozoma rajista ya ce kimanin 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku. Maimakon a tambayi me ya kore su, sai aka ce sai sun yi aikin shekara biyu kafin a tantance musu takardun fita. Duk wadda ta tafi Ingila ko Saudiyya, aikinta kan wadda ta rage yake faɗawa.

A ƙarshen Yulin 2025 suka shiga yajin aikin gargaɗi, suna neman a ɗauki ƙarin ma'aikata, a gyara alawus na aikin dare da na yunifom. Talaka ne ya ji jiki a kwanakin nan. Mahukunta kuwa, ko ciwon kai ne, jirgi suke hawa zuwa Landan.