Kan maigida a rufe, na uwargida fa?

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Ban tabbatar da gaskiyar wannan zance ba sai a watan Agustan bara, ranar da na goya uwargidana a babur daga Birnin Kebbi zuwa Argungu domin halartar sunan ɗan ƙanwarta. Tafiya ce ta kilomita hamsin da 'yan kai, amma darasin da na samu a cikinta ya sa na ga ya wajaba in yi wa 'yan'uwana magidanta tsokaci.

Mun fito da hantsi gari garau. Muna wuce Ambursa sai hadari ya haɗo daga gabas, kafin mu ankara ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Duk wanda ya san fadamar Rima da damina ya san yadda ruwa ke kwanciya a gefen hanya, laka ta hau kwalta ta mayar da ita kamar an shafa mata sabulu. Wata babbar mota ta taho a guje ta watsa mana ruwa, na kauce gefe, tayar baya ta zame, sai ga mu a ƙasa. Allah Ya taƙaita, ba gudu nake yi ba. Ni dai kaina na cikin hular kwano, ko ƙwarzane ban yi ba. Ita kuwa kafaɗarta ta bugu, kanta ya sauka tazarar taki ɗaya daga wani dutse.

Da muka fake a rumfar wani mai shayi, tana matse hijabinta, sai ta dube ni ta ce, "Malam, kai kanka a rufe yake. Nawa fa?" Har muka isa Argungu ban sami amsar da zan ba ta ba.

Ko shakka babu, babur shi ne motar mafi yawan iyalai a wannan yanki, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da ma'aikata da dama suka jingine motocinsu. Da shi ake kai mai juna biyu asibiti, da shi ake zuwa biki da ta'aziyya. Amma mai karatu ya tsaya a bakin titi ya ƙirga. Da wuya ya ga mai babur da hular kwano, in ma ya gani to a kan matuƙi take, matar da ke baya da goyonta ba su da komai sai mayafi.

Doka kam akwai ta. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa matuƙi da fasinja sanya hular kwano. Mun tuna yadda wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka domin yi wa dokar ba'a, aka kuma baza jita-jitar cewa ana yin asiri a cikin hular. Muka yi dariya, dokar ta yi sanyi. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da bayyana cewa hula mai inganci tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, mummunan raunin kai kuma da kusan kashi 70.

Na san uzurorin, domin ni ma na sha kawo su. Wasu za su ce tsada, alhali kuɗinta bai kai na jinya a gadon asibiti ba. Wasu za su ce tana ɓata ɗaurin ɗankwali, ko ba ta dace da hijabi ba, alhali mata a Indunusiya da Maleshiya kullum suna ɗora ta a kan hijabinsu. Wasu kuma za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma me ya sa mai wannan magana ya rufe nasa kan ya bar na matarsa a buɗe?

Saboda haka ina kira ga magidanta, musamman mu da ake wa kallon masu ilimi, duk wanda zai sayi hula ya sayi biyu. Idan hadari ya haɗo a tsaya a fake, gara a rasa walima da a rasa rai. A kuma tabbatar an tattare hijabi ko zane kada ya shiga taya. Hukuma ita ma ta daina tunawa da dokar sai ranar kame, ta haɗa kai da sarakuna, malamai da ƙungiyoyin 'yan acaɓa wajen wayar da kan jama'a kafin kowace damina.

Ni dai washegarin dawowarmu na shiga kasuwa na sayo ta biyu. Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu, amin.