Makarantun kwana na soja: Mafaka ga 'yan ƙalilan ko mafita ga kowa?

Duk wanda ya haye gadar kogin Kaduna ya nufi kudancin birnin, ya bi hanyar Kachia ta unguwar Television, zai iske wata mahaɗa da kowane direban bas ya sani da suna Command.

Mahaɗar ta samo sunan ne daga makarantar sakandaren kwana ta rundunar sojan ƙasa da ke wurin, ɗaya daga cikin makarantun da rundunar ta fara buɗewa a shekarun 1970 domin 'ya'yan sojoji, waɗanda yawan sauyin wurin aikin iyayensu ke kawo wa karatunsu cikas.

A kan wannan hanya ta Kachia ne, can gaba a ƙaramar hukumar Chikun, 'yan bindiga suka fasa makarantar Bethel Baptist a ranar 5 ga watan Yulin 2021, suka yi awon gaba da ɗalibai 121. Bayan harin gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe wasu makarantu 13 da ta ce suna cikin haɗari.

Makarantu biyu a kan hanya ɗaya, guda da soja a bakin ƙofa, guda kuma babu. Wannan bambanci ne ya sa batun makarantun soja ya tashi daga zancen barikoki ya koma zancen iyaye a ɗakunansu.

Tushen abin yana Zariya

Makarantar Command ta Kaduna tana ɗaukar maza da mata, kuma karatun boko ne ginshiƙinta, sai dai ana gudanar da ita bisa tsari da ladabin soja. Ainihin makarantar da ke horar da yara maza a matsayin ƙananan sojoji tana Zariya, wato Makarantar Soja ta Najeriya, wadda aka fi sani da NMS.

Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta a ranar 20 ga watan Mayun 1954 da sunan Boys Company, a ƙarƙashin rundunar Afirka ta Yamma ta wancan zamani. Ta fara da yara 30, 'ya'yan sojoji da waɗanda suke riƙo, kuma kwamandanta na farko shi ne Kyaftin Wellington Bassey, ɗaya daga cikin 'yan Najeriya na farko da suka zama hafsoshi.

Manufar Turawa ba ta wuce samar da ƙananan jami'ai da masu sana'ar hannu da za su iya karatu da rubutu ba. A shekarar 1960 aka sauya mata suna, daga bisani kuma ta zama cikakkiyar sakandare inda yaro ke haɗa darasin aji da fareti, da karatun taswira, da sanin makami, da zaman daji.

Daga cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta akwai Janar Tunde Idiagbon, mataimakin Janar Buhari a mulkin soja na 1984 zuwa 1985, da Janar Joseph Garba wanda ya sanar da kifar da gwamnatin Gowon a 1975 kuma daga baya ya shugabanci Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya, da David Mark wanda ya shugabanci Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2015, da kuma Buba Marwa, tsohon gwamnan soja na Borno da Legas, wanda aka ba shugabancin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2021.

Rundunar sojan sama ita ma ta buɗe irin wannan makaranta ta maza a Jos a 1980. Haka kuma tsarin ba na Najeriya ba ne kaɗai. Faransa ta bar irinsa a ƙasashen da ta raina: akwai tsohuwar makarantar Saint-Louis a Senegal, da ta Kadiogo a Burkina Faso inda Thomas Sankara ya yi karatu, yayin da Jamhuriyar Nijar ta buɗe tata a Yamai a shekarun 1990.

Abin da iyaye ke nema

Za a iya taƙaita abin da ke jan hankalin iyaye zuwa abubuwa uku: tsaro, da tarbiyya, da kuma hanyar samun abin yi. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da gaskiyarsa, yana kuma da iyakarsa.

Ta fuskar tsaro, jerin hare-haren ya isa ya tayar wa kowane uba hankali. A watan Fabrairun 2014 Boko Haram ta hallaka ɗalibai maza da dama a kwalejin tarayya ta Buni Yadi a jihar Yobe. A Disamban 2020 an sace fiye da yara 300 a Ƙanƙara ta jihar Katsina, sannan Kagara da Jangebe suka biyo baya a Fabrairun 2021. A watan Maris na 2024 aka kwashe ɗaliban Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun, inda daga baya aka ceto 137. A Nuwamban 2025 kuma aka sake kai hari a Maga ta jihar Kebbi da Papiri ta jihar Neja.

Ɗan bindiga mai neman kuɗin fansa yana lissafi ne irin na ɗan kasuwa. Yana neman wurin da yara suka taru, babu katanga, babu mai gadi da makami, kuma daji na kusa. Makarantar da ke cikin bariki ko daf da shi ta ɓata masa wannan lissafi.

To sai dai kusanci da soja bai zama laya ba. A watan Maris na 2021 an sace ɗalibai 39 daga kwalejin nazarin gandun daji ta Afaka, wadda ke maƙwabtaka da Kwalejin Horar da Hafsoshi ta NDA. Watanni biyar bayan haka, a ranar 24 ga watan Agusta, maharan suka kutsa cikin ita kanta NDA ɗin, suka kashe hafsoshi biyu, suka tafi da ɗaya.

Akwai kuma batun ƙa'ida. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu da aka ƙaddamar a birnin Oslo a 2015, har ma ta karɓi baƙuncin babban taron yarjejeniyar a Abuja a watan Oktoban 2021. Ruhin wannan yarjejeniya shi ne a nisanta makaranta daga harkar yaƙi, saboda inda ake rikici, ganin kakin soja a harabar makaranta na iya mayar da ita abin kai wa hari. A yankin da 'yan fashin daji ke ta'adi soja kariya ne, amma a inda masu tayar da ƙayar baya ke farautar sojan kansa, lissafin yana iya juyawa.

Tsakanin horo da azaba

Batu na biyu shi ne tarbiyya, kuma a nan ne zuciyar iyaye da yawa ta fi karkata. Birnin Kaduna, kamar Kano da Zariya, na fama da matsalar shaye-shaye da ta 'yan sara-suka. Uban da ke ganin ɗansa na neman fin ƙarfinsa yakan so wurin da za a tayar da yaro da asuba, a koya masa gyara shimfiɗa, da kiyaye lokaci, da girmama na gaba. Hausawa dai sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan ƙishirwa ce ta sa wasu iyaye suka kai 'ya'yansu gidajen da ake kira na gyaran hali. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun kai samame wani irin wannan gida a Rigasa, suka fito da mutane fiye da 300, yara da manya, wasu da mari a ƙafa. Makonni kaɗan bayan haka aka bankaɗo makamantansa a Daura da Katsina.

Babu mai haɗa makarantar soja da irin waɗannan gidaje. Tana da manhaja, da malamai, da asibiti, da hukumar da za a iya tuhuma. Amma darasin Rigasa ya shafi duk wata makarantar kwana: inda aka rufe ƙofa aka ba wani iko a kan yaro da sunan horo, wajibi ne a sami idon da ke duba mai horon.

A makarantun da ke bin tsarin soja, babban ɗalibi yana da iko na gaske a kan ƙarami, kuma al'adar bariki ba ta son kai ƙara. A watan Yunin 2024 rundunar sojan sama ta sanar da buɗe bincike kan rasuwar wani ɗalibi a makarantarta ta kwana da ke Mando a Kaduna, bayan zargin cewa wasu manyan ɗalibai ne suka hukunta shi. Lamarin ya nuna cewa katangar da ke tare ɗan bindiga ba ta tare abin da ke faruwa a ɗakin kwana bayan an kashe fitila.

Yaro ne ko soja?

Batu na uku shi ne makomar yaron. A ƙasar da masu digiri ke yawo da takardu, makarantar da ke share fagen shiga NDA ko aikin soja tana da farin jini. Amma yaron da ke shiga ajin farko ƙarami ne, kuma galibi zaɓin mahaifinsa ne.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba aikin soja. A 2012 kuma Najeriya ta amince da ƙarin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hana sa yara cikin yaƙi. Wannan yarjejeniya ta yi sassauci ga makarantun da rundunonin soja ke gudanarwa, matuƙar ilimi ne manufarsu. Ke nan abin dubawa shi ne ko yaro na fita da takardar sakandare mai ƙarfi da za ta kai shi jami'a idan ya ga kaki ba nasa ba ne.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba, wadda ta fi fitowa fili a Kaduna. Tun bayan rikicin shari'a na shekarar 2000 da na gasar sarauniyar kyau na 2002, kogin Kaduna ya zama tamkar iyaka: Musulmi suka fi yawa a arewacin birnin, Kiristoci kuma a unguwannin kudu irin su Television da Sabon Tasha. Yara da dama na tasowa ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Makarantun soja, da ke ɗaukar ɗalibai daga sassan ƙasar daban-daban, na cikin 'yan wuraren da suka rage inda ɗan Tudun Wada da ɗan Sabon Tasha ke kwana ɗaki ɗaya, wannan ya tafi masallaci, wancan ya tafi coci.

Sauran yaran fa?

Duk da haka, gurabun waɗannan makarantu kaɗan ne. Ana shiga ne ta jarrabawa da ganawa da gwajin lafiya, kuma a makarantun Command ɗan farar hula ya fi ɗan soja biyan kuɗi. Ɗan manomin Kuriga ko na Birnin Gwari, wanda shi ne ya fi fuskantar barazana, shi ne kuma ya fi nisa da wannan dama.

Rundunar da ke fafatawa a arewa maso gabas da arewa maso yamma a lokaci guda ba za ta iya tsare ƙofar kowace makaranta ba. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da wani shiri na naira biliyan 144 da ɗoriya domin kare makarantu daga 2023 zuwa 2026, amma harin Kuriga da na Papiri duk sun faru ne a cikin wa'adin shirin.

Abin da makarantun Zariya da Television suka nuna a tsawon shekaru shi ne katanga mai kyau, da ƙididdigar ɗalibai safe da yamma, da malaman da ke kwana a harabar makaranta, da shugaban da za a tambaya idan yaro ya ɓace. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da sai an sa wa yaro kaki kafin a samar da shi. Ko gwamnatocin jihohi za su kai su makarantun karkara, shi ne abin da zai tantance yawan iyayen da za su yarda su sake kai 'ya'yansu makarantar kwana.